Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Babban Kwamandan Runduna ta Ɗaya da kwamandojin barikokin Kaduna, kan halin soja bayan ya fita ƙofar bariki

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da barka da aiki, muna addu'ar Allah ya jiƙan mazajen da suka kwanta dama a dazukan Birnin Gwari da Giwa da sauran fagagen daga, ya ba iyalansu haƙuri. Mu da muka rubuto wannan takarda tsofaffin 'yan kaki ne mazauna garin nan. Mun zaɓi mu yi maganar a bainar jama'a ne saboda ta shafi farar hula kamar yadda ta shafi bariki, kuma mun san gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba maganar yaƙi muka kawo ba. Maganarmu kan awannin da soja ba ya bakin aiki ce, daga lokacin da ya sa ƙafa waje da ƙofar bariki har ya dawo: wa ya san ya fita, me ya fita da shi, kuma in ya yi ɓarna a gari, ina wanda aka zalunta zai kai kuka.

Kaduna ba kamar sauran garuruwa ba ce a wannan fanni. Ga hedikwatar rundunarka, ga barikin Dalet a Kawo, ga barikin Ribadu inda kwalejin horar da hafsoshin soja ta NDA ta zauna tun kafa ta a 1964 kafin ta koma Afaka, ga sansanin sojan sama a Mando, ga asibitin soja na 44, ga barikin Kalapanzi da masana'antar makamai a Kakuri. Ɗan gaba kaɗan kan hanyar Zariya ga Jaji, a Zariya kuma ga Defo da ke horar da kurata tun 1924, ga makarantar 'yan sandan soja a Basawa. Barikokin cikin gari tuni unguwanni suka kewaye su. Soja da farar hula keke ɗaya suke shiga, layin mai ɗaya suke bi, sau da yawa ma gidan haya ɗaya suke zaune a Unguwar Kanawa ko Unguwar Dosa ko Kurmin Mashi ko Sabon Tasha. Mutumin Kawo bai taɓa ganin yadda bataliya take yaƙi a daji ba. Abin da ya sani game da soja shi ne kofur ɗin da ke haya a ɗakin da ke kallon nasa. Da wannan kofur yake auna rundunar gaba ɗaya, kuma da wannan awon yake yanke shawarar ko zai tsegunta wa jami'an tsaro abin da ya gani a unguwa ko zai ja bakinsa ya yi shiru.

Doka ba ta yi ƙaranci ba, ranka ya daɗe. Dokar Rundunonin Soja, wadda ta samo asali daga doka mai lamba 105 ta 1993 kuma take cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ba ta sakin soja don ya tuɓe kaki ya sa kaftani. Sashe na 55 ya kama faɗa da tayar da husuma, na 59 ya kama ɓacewa daga wurin aiki ba izini, na 64 ya kama maye, na 65 ya kama miyagun ƙwayoyi. Daga sashe na 104 zuwa na 114 kuwa laifuffukan da kowa ya sani ne: duka, kisa, fashi, ƙwace da barazana, damfara. Abin da ya zille wa waɗannan duka, sashe na 103 na jiran sa, wato duk halin da zai zubar da tsari da ladabin aikin soja. Ba a kuma bar ƙananan kwamandoji hannu rabbana ba. Kwamandan kamfani na iya tura ƙaramin soja gadirum har kwana 7 da aiki mai tsanani, kwamandan bataliya na iya kai shi kwana 28, ya rage igiya, ko ya sallami ƙaramin soja. Abin da ya fi ƙarfin wannan ya tafi kotun soja, kuma kotun farar hula ma ba a rufe mata ƙofa ba kan laifin da aka yi wa ɗan gari. A sama da duka akwai sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 da ya hana azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam, da dokar hana azabtarwa ta 2017. Tsallen kwaɗo da birgima a kwata da ake sa direba a bakin titi ba su da gurbi a ko ɗaya daga cikin waɗannan takardu.

Ga kuma sabon kundin ƙa'idojin aikin soja da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Disamban 2024. Jaridu sun fi ɗaukar batun zanen jiki da hudar fata, amma abin da ya fi shafar garinmu shi ne inda ya hana hafsa shiga rigima da abin kunya a bainar jama'a, ya hana shi maye ko yana bakin aiki ko ba ya yi, ya kuma ɗora masa biyan haƙƙoƙin da ke kansa a kan kari, har da takardun mota da inshora. Tambayarmu ita ce, farabiti nawa ne aka zaunar aka karanta musu irin waɗannan ƙa'idoji da bakin da suke ji? Kurtu na yin kusan wata shida a Defo, ana cusa masa biyayya ga na sama da shi har ta zama jini da tsoka. Yadda zai yi da wanda ba ya ƙarƙashinsa kuma ba ya samansa, wato farar hula, shi ne darasin da ake wucewa da gudu. Minti goma a faretin safiyar Litinin, samanja ya ɗauki sashe ɗaya ya fassara shi da Hausa da Turancin bariki, ya kawo misali daga abin da ya faru a unguwa, ya fi laccar awa uku da ake yi sau ɗaya a shekara rabin zauren na gyangyaɗi.

Amma wurin da abin ya fi lalacewa shi ne ƙofa. Fas ba ado ba ne. Takarda ce da ya kamata ta ɗauki lamba da muƙami da suna, da inda za a je, da lokacin fita da na dawowa, da sa hannun wanda ya ba da izini. A ƙofa kuma akwai littafi. Ku sa wani hafsa ya je ba sanarwa ya buɗe littafin ƙofa na daren Asabar, zai ga inda matsalar take: layin fita a cike, layin dawowa fari fat, ko kuma a ga sunaye goma sha biyar da biro ɗaya da rubutun hannu ɗaya, alamar mai gadi ne ya cike su da asuba don kada a tuhume shi. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Mai gadin farabiti ne, wanda zai wuce saje ne, ba ya iya ce masa tsaya. Ko kuma tare suka fito Defo, kunya ta hana. Sannan kusan kowane tsohon bariki yana da ƙofar baya da ba ta cikin taswira, inda katanga ta zube ko waya ta yage ta wajen kasuwar mami. Gyaran ba ya cin kuɗi. Kwamandan gadi ya zama aƙalla saje, kuma a rubuta cikin umarnin bariki cewa a bakin ƙofa maganarsa ta fi igiyar mai wucewa, tunda da yawun kwamanda yake magana. Hafsan da ke kan aiki a ranar ya gwada littafin ƙofa da kiran sunan dare, ya ja layi ƙarƙashin suna na ƙarshe, ya sa hannu da lokaci, yadda ba wanda zai ƙara suna daga baya. Duk wanda ya fita bai dawo ba, sunansa ya isa teburin samanja kafin faretin safe, ba sai an kira daga ofishin 'yan sanda ba.

Waɗanda ke haya a gari su ne littafin ƙofa ba ya gani sam. Kowace bataliya ta riƙe rajistarsu: unguwa, layi, lambar gida, sunan mai gida, da mai unguwar wurin. A sabunta ta duk wata uku, domin soja na canza gida ba ya faɗa, musamman in kuɗin haya ya taru. Saje mai kula da shi ya taka ya ga gidan da idonsa ko sau ɗaya ne, ya gaisa da mai unguwa, ya bar masa lambar ofis. Mai gidan da ya san akwai wanda zai kira ba ya kwana da tsoron ɗan hayarsa.

Sai bindiga, wadda a kanta ba a yin kuskure sau biyu. Ƙa'ida a fili take: wanda ya sauka daga aiki, makaminsa ya koma ma'ajiya, a duba lambar da ke jikinsa a gwada da rajista, a ƙirga harsashi ɗaya bayan ɗaya. Gidan harsashin AK-47 talatin yake ci. In an ba da talatin, talatin za a ƙirga a kan tebur, ba a ɗaga shi a ji nauyi a ce ya cika ba. Inda ake samun ɓaraka shi ne ƙananan wuraren gadi da shingayen bincike da ke nesa da bariki, inda babu ma'ajiya, soja na kwana da bindigarsa, ya tashi ya tafi sayen kati ko shayi da ita a kafaɗa, daga nan ya zarce wajen budurwa. A irin wannan wuri dole kwamandan shingen ya riƙe ƙaramin littafi, duk mai barin wurin ko na minti ashirin ne ya miƙa makami ga wanda ya rage, a rubuta. Haka nan masu dawowa daga daji: a ƙirga abin da suka harba da abin da ya rage tun kafin su watse, a kuma zazzage jaka, saboda harsashin da ya kwana a aljihu yau shi ne gobe ake samu a hannun da bai kamata ba.

Ko sauke harsashi daga bindiga yana da jeri, kuma a jerin ake mutuwa. A nufi bakinta cikin ramin yashi, a fara cire gidan harsashi, sannan a ja kokin baya a riƙe, a leƙa ciki a ga babu komai, wani na biyu shi ma ya leƙa ya faɗa da baki, a saki, a danna kunama cikin yashin, a mayar da sefti. Gajiyayyen soja yakan juya matakan biyu na farko: ya ja kokin tukuna, sannan ya cire gidan. Jan da ya yi ya riga ya ɗora harsashi ɗaya a ciki, shi kuma a ransa bindiga wofi ce. Da wannan harsashi ɗaya ake wasa a ɗaki, ko a nuna wa mai keke don a tsorata shi, sai a ji ƙara. Shi ya sa ramin yashi a bakin kowane gadirum da kowane shinge, da saje a tsaye yana kallo, ba tsohon yayi ba ne.

Kaki ma makami ne, ko da babu bindiga. Wanda ba ya bakin aiki ya fita da kayan gida, wannan tsohuwar tarbiyya ce, kuma a yanayin da hanyoyinmu suke ciki tana kare ran sojan kansa. Abin da ya fi ɓata suna shi ne rabin kaki: wandon soja da singileti, hula a aljihun baya, bel a hannu. Mai wannan shiga ba aiki zai je ba, so yake a san ko shi wane ne. Daga nan ake zarcewa ga abin da muke ganin ya fi kowanne muni cikin ɗabi'un bayan aiki, wato hayar soja. Wani yana bin wani bashi, ko suna rikicin fili a Rigachikun ko bayan Mando, ko mai gida na son ya fitar da ɗan haya, ko saurayi ya ji haushin wanda ya ƙwace masa budurwa. Maimakon ofishin 'yan sanda ko kotun majistare ko ta shari'a, sai a nemo ɗan uwa ko aboki mai kaki, a sa masa mai a babur, a ba shi na goro. Ya zo da abokansa biyu, a ɗauki mutum a gaban 'ya'yansa, a zane shi, a sa shi ya sa hannu a takardar alkawarin biya. Wannan duka ne da ƙwace da barazana a ƙarƙashin sassa na 104 da 108, ko da bashin gaskiya ne. Muna roƙon a fitar da umarni a rubuce, a karanta a kowane fareti, cewa babu ruwan soja da bashi da fili da haya da aure na farar hula, kuma babu farar hular da za a shigar gadirum kan irin wannan. In bera da sata, daddawa ma da wari: ɗan garin da ya yi hayar sojan a miƙa shi ga 'yan sanda a matsayin wanda ya haɗa baki. Ranar da aka gurfanar da biyu ko uku daga cikinsu, kasuwar za ta ja baya.

A kan titi kuwa, kowa a garin nan ya san yadda abin yake farawa. Yamma ta yi, motoci sun cushe a wajen gadar Kawo, wani a kan babur ba lamba ba hular kwano ya bi hannun da ba nasa ba. Jami'in KASTLEA, hukumar jiha mai kula da dokokin hanya, ya ɗaga masa hannu. Maimakon ya tsaya, sai ya ce shi ma'aikaci ne. Aka ce ya nuna kati, ya ce wane ne kai. Kafin minti biyar ya kira waya, kafin minti ashirin wasu huɗu sun iso, mutane sun zagaye, wayoyi sama da goma na ɗauka. Abin da ya mayar da ƙaramar gardama ta zama taron duka shi ne wannan kiran wayar. Don haka a hukunta wanda ya amsa kira kamar wanda ya yi kiran, ko fiye, tunda shi ba a ma taɓa shi ba. A koya wa soja matakai uku kawai: ya tsaya, ya nuna katinsa ba tare da ya sake shi ba, in abin ya ƙi ƙarewa ya kira 'yan sandan soja, ba abokan ɗakinsu ba. Su ma KASTLEA da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra a ba kowane ofishinsu lambar hafsan 'yan sandan soja da ke kan aiki, lamba mai shiga da daddare. Sitikar soja a gilashin mota da rigar kaki da ake shimfiɗawa a bayan kujera, a hana su gaba ɗaya. Da yawan masu yawo da su ba sojoji ba ne ma, amma rundunar ce ke shan zagin.

Kasuwar mami tana da tarihinta. Sunan ya fito ne daga Mammy Ochefu, matar wani soja da ta fara sayar da abin sha na gargajiya a barikin Inugu a 1959, kuma hikimar barin irin wannan kasuwa a bariki ita ce soja ya huta a inda idon hukuma ke ganinsa. Hikimar tana aiki ne kawai in akwai lokacin tashi kuma ana bin sa. A sa ƙarfe goma na dare, a busa, 'yan sandan soja su zaga rumfa rumfa, mai rumfar da ya ɓoye mashaya a ciki ya rasa rumfarsa. Giya ma da sauƙi, ana jin warinta. Abin da ya fi wuyar kamawa shi ne tiramol da wiwi da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana tun 2018 amma bai ɓace ba. Gwajin fitsari na ba-zata, tare da NDLEA, shi ne hanya, da sharaɗi biyu. A zaɓi sunaye da ƙuri'a, har da hafsoshi, don kada ya zama sandar dukan wanda samanja ba ya so. Sannan wanda ya kawo kansa kafin a kama shi a tura shi asibitin 44 a yi masa magani, kada a fara da gadirum, in ba haka ba babu wanda zai ƙara kawo kansa. Kada kuma a manta da magajiyar bariki, wato shugabar matan sojoji. Ita ta san gidan da ake dukan mata, ta san wanda albashinsa ke ƙarewa a caca tun ran biyar ga wata, tun kafin labari ya kai ofis. A riƙa zama da ita a kai a kai, ba sai ranar biki ba.

Masu jar hula, wato 'yan sandan soja, su dawo sintiri a gari kamar yadda aka san su, musamman daren Juma'a da Asabar da makon da albashi ya shiga. Mota ɗaya ta ɗauki Kawo da Mando da Unguwar Kanawa, wata ta ɗauki Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha, su riƙa leƙa tashoshin mota da tashar jirgin ƙasa ta Rigasa. Aikinsu soja ne kaɗai: ina fas, ina kati, me ya sa kake cikin kaki. Sojan gona da suka kama su miƙa wa 'yan sanda. Sojan da ya yi musu taurin kai kuwa, sashe na 58 ya tanadi hukuncinsa. A haɗa da na sojan sama a mota ɗaya, don kada a tsaya gardamar wannan ba yaronmu ba ne.

Yanzu ga wanda aka zalunta. Rundunar sojan ƙasa ta buɗe teburin kare haƙƙin ɗan Adam a 2016, ta kuma buɗe layin kira mai lamba 193. Madalla. Sai dai ku duba abin daga idon mai shayin da aka fasa wa baki. Wurin da za a ce ya kai ƙara yana bayan ƙofar da abokan wanda ya doke shi suke gadi. Ba zai je ba. Teburin karɓar koke ya kamata ya kasance a wajen ƙofa, ko a wani ofishi a cikin gari, da mai jin Hausa a zaune, da mace ko ɗaya saboda ƙorafin da mace ba za ta iya faɗa wa namiji ba. A rubuta rana da wuri da lokaci, sunan da ke ƙirjin riga in an gani, lambar mota ko babur, shaidu, da takardar asibiti. A ba mai ƙara ƙaramar takarda mai lamba a hannunsa. Cikin kwana 7 a kira shi a gaya masa wanda ke bincike, cikin kwana 30 a gaya masa inda aka kwana. Bincike kuma kada ya faɗa hannun kamfanin da ake ƙara da ɗansu, ya tafi ga 'yan sandan soja. Abin da ya fi kashe ƙara shi ne sulhun bayan fage: a aiko wani babba da kuɗin magani, a ce a yi haƙuri, mai ƙara ya janye, fayil ya rufe. Biyan kuɗin magani daidai ne, haƙuri ma halin kirki ne, amma haƙurin mai shayi ya shafe haƙƙinsa ne kawai, bai shafe laifin da aka yi wa dokar soja ba. Wannan na runduna ne, kuma dole a ci gaba da shi. Wanda kuma bai gamsu ba a gaya masa a fili cewa yana iya zuwa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ko kotu.

Hukuncin da ba a ji ba, a wurin jama'a kamar ba a yi shi ba ne. A Fabrairun 2017, bayan bidiyon wasu 'yan sandan soja biyu da suka doki wani gurgu a Onica saboda ya sa kaya masu kama da na soja, rundunar ta fito ta faɗi abin da ta yi: an sauke su daga kofur zuwa farabiti, an ɗaure su kwana 21 da aiki mai tsanani. Wasu sun ce hukuncin ya yi kaɗan, amma kowa ya ji shi, kuma kowane kofur a ƙasar nan ya fahimci saƙon. Abin da bai yi daɗi ba shi ne sai da bidiyo ya zaga duniya. Muna so Runduna ta Ɗaya ta riƙa fitar da taƙaitaccen bayani duk wata uku, ba sai da sunaye ba: ƙorafi nawa aka karɓa, nawa aka tabbatar, nawa aka kora don ƙarya ne, wane hukunci aka yanke. A karanta a gidajen rediyon Kaduna da Hausa. Wannan zai kare sojan kirki ma, domin ana yi wa sojoji ƙazafi, kuma ba mai wanke su.

Ba za mu yi adalci ba in muka tsaya a kan hukunci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaron da ya yi shekara biyu ko uku a daji bai ga gida ba, ya binne abokansa, aka sauke shi daga mota yau, gobe aka ba shi fas ya shiga kasuwar Barci, ƙarar salansar babur kaɗai na iya birkita shi. Masu dawowa daga fagen daga su yi aƙalla mako biyu a bariki kafin a sake su: barci, abinci, likita ya gan su ɗaya bayan ɗaya a ɗaki ba a layi ba, limami da fasto su zauna da su, a biya su alawus ɗin da suke bi kafin su fita, don soja mai bin gwamnati bashi a kan mai keke yake hucewa. Saje ya lura da alamu: wanda ba ya barci, wanda ya daina magana, wanda ƙaramin abu ke sa shi rawar jiki. Irin wannan ba a ba shi gadin shinge da harsashi, kuma ba a kiran sa rago a gaban 'yan uwansa. Hutun shekara haƙƙi ne, a tsara jadawalinsa tun Janairu a manna a allo, kada ya zama sai mai uwa a gindin murhu. Kuma sojan da hafsansa ke mari a bariki, alhali sashe na 92 ya hana cin zalin na ƙasa, shi ne yake fita ya rama a kan wanda ba ya iya ramawa.

Waya ba ta buƙatar dogon bayani. Hoton kaki a TikTok da Facebook, da bango ko ƙofar bariki a bayan mai hoton, bayani ne kyauta ga wanda ke nema. Garin da ya ga 'yan bindiga sun shiga NDA a Afaka a watan Agustan 2021 bai kamata a tsaya yi masa wa'azi a kan wannan ba.

A ƙarshe, duk lokacin da aka kama soja da laifi a gari, a kira sajensa da kwamandan filatun ɗinsa su tsaya tare da shi, a tambaye su: wa ya sa hannu a fas ɗinsa, yaushe kuka gan shi na ƙarshe, kun san inda yake kwana? In sun kasa amsawa, a rubuta a fayil ɗinsu su ma. Muna roƙon ranka ya daɗe ya fara da abin da ke hannunsa a wannan wata: a tattaro littattafan ƙofa da na ma'ajiyar makamai na wata uku da suka wuce daga kowane bariki a garin nan, a ba hafsan da ba na wurin ba ya gwada su shafi da shafi.

Allah ya ƙara wa ranka ya daɗe lafiya, ya tsare mana dakarunmu.

Naku,
Wasu tsofaffin sojoji mazauna Kaduna